Takardar da Na Ɓoye a Ƙasan Akwati

Assalamu alaikum. Sunana Zulai. Ina aikin buga takardu a wata ma'aikata a nan Abuja, muna zaune a Tungan Maje ni da maigidana Sabi'u da 'yarmu ɗaya tilo, Walida, wadda sai da na shekara tara da aure kafin Allah ya ba ni ita. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, domin labarin jinya ne da ni kaina ban fito fes a cikinsa ba. Amma tunda ana ta cacar baki a kan sakin tsofaffin fursunoni, na ga gara duk wanda za a miƙa wa tsoho a ƙofar gidan yari ya ji abin da ya same mu.

Ina da shekara goma sha shida mahaifina ya yi faɗa da mijin ƙanwarsa a kan iyakar gona, can ƙauyenmu a ƙasar Zariya. Ya buge shi da ƙotar fartanya sau ɗaya, mutumin bai sake tashi ba. Aka yi wa Baba ɗaurin rai da rai. Mahaifiyata ta rasu yana ciki. Daga baya aka dawo da shi gidan yarin Kuje, kusa da ni, amma in ban da Sabi'u babu wanda ya sani a unguwarmu. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce Baba yana Kamaru yana fataucin shanu. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata nakan je ziyara, in dawo da doya ƙwarya guda don kada a tambaye ni abin da ya kai ni. Har maƙwabciyata Maman Fa'iza ta laƙaba mini suna Hajiya mai doyar Kuje, takan kuma ba ni sautu. Shekara bakwai ina jigilar doya, ni da ko sakwara ban cika so ba.

A ofis kuwa, duk ranar da jarida ta ɗauko maganar tsofaffin fursunoni sai a kasu biyu. Ogana yakan ce, "Mutum ya kai saba'in, ko tsayuwa ba ya iyawa, wa zai cuta? A sake shi ya mutu a gaban iyalinsa mana." Wata abokiyar aikina da aka kashe yayanta a hanya takan ce, "Oga, sori fa, amma wanda ya kashe ɗin, shi a gaban wa ya mutu?" Ni sai in sunkuyar da kai in yi ta buga takarda kamar ban ji ba. Gaskiya har yau ban iya cewa ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Da wani kwamiti mai duba tsofaffi da marasa lafiya ya sa sunan Baba cikin waɗanda za a yi wa afuwa, na kira Gwaggo Lami, ƙanwar tasa da ya mayar bazawara, don kada ta ji a bakin wani. Ta ce, "Wai don ya tsufa. Zulai, nawa mijin bai samu ya tsufa ba." Ta kashe wayar. Ban ji haushinta ba.

Ranar da na je ɗaukarsa, ya shekara goma sha tara a tsare. Ya fito da leda ɗaya a hannu, wuyansa ya yi tsawo, yana tari ƙasa-ƙasa. Wani ganduroba mai furfura, mutumin kirki, Allah ya saka masa, ya biyo mu har bakin ƙofa ya miƙo mini ambulan. Ya ce, "Hajiya, wannan daga ɗakin shan maganinmu ne. Cikin satin nan ki kai shi asibiti ki nuna wa likita. Kada ki yi wasa da ita." Na ce to, na gode. Da na juya ambulan ɗin sai na ga tambarin gidan yari ɓaro-ɓaro a bayanta. Abin da ya zo mini a rai shi ne, in na miƙa wa likita, ai nas za ta gani, mai ba da kati zai gani, kuma a asibitin unguwa ba a rasa wanda ya san ka. Ko buɗe ta ban yi ba. Muna isa gida na cusa ta a ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba.

A mota kuma na riga na ce masa, "Baba, don Allah, a gida kowa ya san Kamaru kake. Kada ka ambaci wurin nan ga kowa." Ya ce, "To." Ban san nauyin wannan to ɗin ba sai daga baya. Mutumin da ya shekara goma sha tara ana ba shi umarni, in ka ce masa kada ya yi, ko wuya za a yanka ba zai yi ba.

Satin farko mun yi ta kallon abin mamaki. Baba ba ya shiga bayi sai ya nemi izini. Ba ya magana sai an tambaye shi. In aka ba shi burodi sai ya raba biyu ya tura rabi ƙarƙashin matashi. Mai karɓar kuɗin wuta ya shigo da kakinsa na aiki, sai ga Baba ya durƙusa a tsakar gida. Na shiga ɗaki na yi kuka. Mutum ɗaya ce ta iya buɗe bakinsa, Walida. Sunan mahaifiyata aka sa mata, lokacin tana shekara biyar, don haka yana ganinta ya ce, "Ashe matata tana nan tana jirana." Ita kuma ta murguɗa baki ta ce, "Ni ba na son tsohon miji mai tari." Kwana biyu suka zama abu ɗaya. Da ta dawo makaranta sai ɗakinsa, a kan tabarmarsa take barcin rana. Shi kuma kullum yana jin sanyi, taga a rufe, ƙofa a rufe. Ni har daɗi nake ji, ina cewa Allah ya haɗa jininsu.

Sati na biyu tari ya ƙaru, ya riƙa tashi da safe rigarsa sharkaf da zufa. Na je kemis aka haɗa mini maganin tari da na maleriya. Masu zuwa gaishe da baƙon Kamaru kuwa kowa likita ne. Wannan ta ce zuma da tafarnuwa, wancan ya ce man habbatus sauda, wata ta ce canjin ruwa ne, wai ruwan Abuja ba ya karɓar mutanen Kamaru da wuri. Wata tsohuwa ma ta rantse abokan fatauci ne suka yi masa sammu saboda shanu. Na riƙa gyaɗa kai ina cewa wallahi kuwa, alhali na san rabon Baba da saniya tun ina budurwa.

A sati na uku ne na yi kuskuren da ya fi kowanne. Baba ya kasa tashi sallar azahar, Sabi'u yana shagonsa na taya a tashar Jabi, sai Maman Fa'iza ta ɗauke mu a motar mijinta zuwa wani asibitin kuɗi. Saboda kirki, har ɗakin likita ta shiga da mu tana riƙe da Baba. Likitan yaro ne amma ya san aikinsa. Ya saurari ƙirjin, ya ce, "Baba, a ina kake zaune kafin ka zo? Wuri ne mai cunkoso? Akwai masu tari kusa da kai?"

Baba bai kalli likita ba, ni ya kalla. Har yau in na rufe ido ina ganin kallon nan. Izini yake nema. Ni kuma na kalli Maman Fa'iza da ke tsaye da jakata a hannunta, na ce, "A Kamaru yake, likita. Gidansa shi kaɗai."

Likita ya rubuta magani na sanyin ƙirji, ya ce in sati biyu ya yi babu sauƙi sosai a yi hoton ƙirji a kuma gwada kaki. Bai yi laifin komai ba, abin da aka gaya masa ya bi. Maganin ya ɗan kwantar da zazzaɓin, Baba ya fara cin tuwo, sai na ce ai an samu lafiya. Sati biyun ya wuce ban koma ba, na uku ma ya bi shi. Kuɗin hoton ba shi ya hana ni ba, kada in yi wa talauci ƙazafi. Tsoron a sake yin tambayar nan ne.

A sati na bakwai ina wanke masa hankici na ga jini. Da na tambaye shi ya ce ai ya kwana huɗu yana gani. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Ba ki tambaya ba."

A daidai kwanakin nan Walida ta fara ƙin abinci. Yarinyar da ke cinye taliya faranti guda sai ta yi loma biyu ta ture. Da yamma jikinta ya yi ɗumi, da safe ya sauka. Siket ɗin makarantarta ya fara zamewa daga ƙugu. Na ce haƙori ne, na ce tsutsar ciki ce, na ce komai in ban da abin da zuciyata ke gaya mini.

Muka tafi babban asibitin gwamnati ni da Baba. Tun bayan asuba muke layin kati, ba mu ga likita ba sai da rana ta take. Benci ya cika, na shimfiɗa masa gyalena a ƙasa ya kwanta. Wani mai gadi ya yi mana tsawa wai mun tare hanya, wata mai shara kuma ta je ta samo masa kujera ba tare da mun roƙa ba. Haka asibitin gwamnati yake, wanda zai sa ka kuka da wanda zai share maka hawaye duk a baranda ɗaya suke. Aka yi hoto, aka karɓi kaki, aka ce mu dawo jibi. Da muka dawo aka tura mu wani ɗaki a gefe, mai tagogi a buɗe, inda wata nas gajera mai Hausar 'yan Abuja ta ba mu takunkumi.

Ta ce, "Madam, Baba yana da tarin fuka, kuma ya ci huhu da yawa. Wannan tari ya daɗe. Magani kyauta ne, wata shida, amma kun yi leti." Sannan ta ɗago kai ta yi tambaya: "Akwai ƙaramin yaro a gida? Wane ne yana zama ɗaki ɗaya da shi?"

Na ce akwai yarinya, a kofi ɗaya suke shan koko. Ta ce, "Ba kofi ba ne, madam. Iska ne. Ɗaki a rufe, shi ne. Gobe ki kawo yarinya, ki kawo oga, ke ma za mu gwada."

Ina isa gida na zazzage akwatin. Na buɗe ambulan ɗin a karon farko, bayan sati bakwai. Layi huɗu ne kawai da Turanci. An rubuta cewa ana zargin tarin fuka, a kai shi sashen masu ciwon ƙirji ba tare da jinkiri ba, kuma a nisanta shi da ƙananan yara har sai an gwada. Ni da nake cin abinci da takarda, kullum ina buga ta wasu, tawa guda ɗaya na kasa karantawa. Na mayar da ita inda take, na zauna a ƙasa na rasa ko kukan.

Ni da Sabi'u gwajinmu ya fito lafiya. Walida kuwa hotonta ya nuna tabo, ga wani ƙululu a wuyanta da ban lura da shi ba. Likitan yara ya ce ta kamu. Sabi'u, wanda ba shi da abin ɓoyewa, ya gaya wa likitan gaskiyar inda Baba ya fito. Likitan ya ce, "To ai galibi in za a sallami mara lafiya akan ba shi takarda. Ba a ba shi ba?"

Ranar Lahadi ce da la'asar Sabi'u ya tsaya a tsakar gida ya kira ni. Mutum ne mai haƙuri, shi ya ce in kawo Baba gidansa ba tare da na roƙa ba, amma ranar idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Maman Walida, an ba ku takarda a ƙofa ko ba a ba ku ba?" Kafin in haɗa kalma ɗaya sai muka ji muryar Baba daga cikin ɗaki, karo na farko da ya yi wa babba magana ba a tambaye shi ba.

"Ni aka ba, Sabi'u. Ni na ɓoye ta. Kunya ce ta kama ni."

Sabi'u ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce, "Baba, na ɗauke ka uba. Na ba ka ɗaki a gidana. 'Ya ɗaya gare ni, ɗaya tak." Bai ƙara ba, ya fita. Ni kuma na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata.

Daga nan gidan ya zama asibiti biyu. Kullum da sassafe kafin a ci komai zan narka wa Walida ƙwayoyinta a cokali, ta yi ta kuka tana tofarwa, in yi lallashi in yi tsawa. Ranar farko da na ga fitsarinta ya yi ja kamar ruwan zoɓo na kusa suma, sai da na kira nas ɗin nan ta yi dariya ta ce aikin magani ne. Allah ya yi wa matar nan albarka, ko a coci take in na kira sai ta fito ta ɗauka. Maganin kyauta ne kamar yadda ta faɗa, amma ƙwai da madara da kifi da motar zuwa awo ba kyauta ba ne. Na ɗauki hutu a ofis har ya ƙare, na koma roƙon ogana.

Walida ta fara murmurewa a wata na biyu. Baba kuwa jikinsa ya ƙi ɗaukar maganin. Ya yi ta amai, idonsa ya yi ɗorawa, aka kwantar da shi kwana tara aka yi ƙarin ruwa aka canza ƙwayoyi, muka dawo gida. Sabi'u bai taɓa fasa sayen abin da likita ya rubuta ba, amma ya daina shiga ɗakin, gaisuwa daga ƙofa. Ya kuma kafa doka: Walida ba za ta sake taka ɗakin nan ba. Ko da nas ta ce ai yanzu Baba ya daina yaɗawa, ya ce shi dai a'a. Sai ta taga suke ganin juna. Takan hau bokiti ta leƙa ta ce, "Mijina, ka daina tari in dawo." Shi kuma ya ce, "Na kusa, amarya." In ta sauka sai ya juya fuskarsa bango.

Labari ya kai ƙauye, yadda labari ke kaiwa. Gwaggo Lami ta yi tattaki ta zo, ta ce jikarta ta zo dubawa. Ta zauna a tsakar gida ta ɗora Walida a cinya, ta ce da ƙarfi yadda na ɗaki zai ji, "Da an bar shi inda yake, da yarinyar nan ba ta ga wannan ba. Wanda ya saba cuta ko a kwance yake sai ya cuta." Amma da za ta tafi, ta dama kunun tsamiya ta ajiye a bakin ƙofarsa, ta ce mini tun suna yara shi yake so in ba shi da lafiya. Ba ta shiga ba, ba ta kuma ce ta yafe ba.

Bayan tafiyarta na shiga na durƙusa na ce, "Baba, ba zan iya ba. Zan gaya wa Sabi'u." Ya riƙe hannuna, hannun ba nauyi. Ya ce, "Ki bari sai na tafi. Ni an riga an san ni da laifi, ƙarin ɗaya ba zai canza mini suna ba. Ke kina da aure, kina da 'ya. Shekara goma sha tara ban yi miki komai ba, Zulai. Bar ni in yi miki wannan."

Ya rasu wata safiyar Talata, a wata na uku da fara magani, ina ba shi ruwa a cokali. Sabi'u ya yi masa sutura yadda ya kamata, ya tsaya a kan komai, amma na ga fuskarsa ba ta saki ba. Walida ba ta sake shiga ɗakin ba sai da aka fitar da shi.

Ta cika wata shida cif, aka sake hoto, likita ya ce ta warke. Alhamdu lillahi. Ta mayar da jikinta har ta fi da. A ranar da aka sallame ta, bayan mun ci abincin rana, na ɗauko ambulan ɗin na ajiye a gaban Sabi'u. Na ce, "Baban Walida, ni ganduroba ya miƙa wa. A akwatina take tun ranar. Baba bai ma san abin da ke ciki ba. Ni na ce masa ya yi shiru, ni na yi wa likita ƙarya."

Ya karanta ta sau biyu. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya wa abin da ya fi faɗa. Sai ya ce a hankali, "Wata uku ina gaishe shi daga ƙofa." Ya ɗauki hularsa ya fita. Bai dawo ba sai bayan magariba, takalmansa duk jar ƙasa. Daga baya mai gadin maƙabarta ya gaya wa wani, wani ya gaya mini, cewa a kan kabarin Baba ya ƙarasa yinin. Mun ɗauki makonni ba ma magana sai ta dole, kuma ban ce ya yi ba daidai ba.

Na kira Gwaggo Lami na gaya mata. Na gaya wa Maman Fa'iza ma, har da labarin doya. Ta riƙe baki ta ce, "Haba Zulai, da kin faɗa ai da na raka ki." Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

A ofis har yanzu ana musu, a saki ko kada a saki. Wannan na bar wa masu hukunci da waɗanda aka zalunta, don su ke da hakki. Abin da na sani shi ne, in an sako muku naku, kunyarku ku ajiye ta a ƙofar asibiti. Ku gaya wa likita inda ya fito. Ku tambaye shi ina ke masa ciwo, don ba zai faɗa da kansa ba. Ku buɗe taga. In an ba ku takarda, ku karanta ta tun kuna tsaye a wurin.

Duk wanda ya ji cewa tsohon fursuna ne ya ɓoye takarda ya kusa halaka jikarsa a Tungan Maje, ina roƙonsa ya gyara labarin. Mahaifina ya yi laifi guda a rayuwarsa, kuma ya biya da shekara goma sha tara. Na biyun ba nasa ba ne, nawa ne, ya karɓa ya mutu da shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan wanda ya kashe, ni kuma ya yafe mini.